Curin Farko a Soron Iya

Zazzaɓi ne ya sa na fara ɗaga kai na dubi rufin soron Iya. Tun da aka kawo ni Magariya karatun kolej nake shiga ɗakin nan, in ci tuwo, in sha tsiya, in fita, ban taɓa kallon sama ba. Ran nan kuwa ina kwance rigingine a kan gadonta da hantsi, sai rana ta shigo ta 'yar tagar gabas ta haske rufin. Na ga bakunan gini sun taso daga jikin bango, sun lanƙwaso a hankali kamar 'yan mata sun miƙa wa juna hannu a dandali, sun je sun haɗu a tsakiya, inda aka kafe wata 'yar tasa ta jan ƙarfe. Tsakaninsu an jera azara, tsagin giginya, layi bayan layi kamar kitson amarya. Na yi ta kallo har na manta da ciwon kai.

Iya kakata ce, ita ta haifi uwata. Gidan kuwa a hannun Kawu yake, babban ɗanta, Alhaji mai fatauci tsakaninmu da ƙetaren iyaka. A cikin kayan da yake shigowa da su, ban da atamfa da turare, akwai ƙananan littattafan nan na kasuwa, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya biyo ta hannuna kafin ya kai rumfa. A cikinsu na koyi cewa ba a yin abu mai kyau a duniya sai don wata. Saboda haka na juya wajen Iya, tana zaune tana kaɗi, na ce, "Iya, don ke aka gina ɗakin nan, ko?"

"Ka ji mai gidan nawa, ciwo bai hana shi surutu ba," in ji ta. "Don haushi aka gina shi. Ƙanen kakanka ya yi soro, shi kuma kakanka ya ce ba za a fi shi yana kallo ba." Ta murza mazari. "Amma da aka gama, ni ya ba."

Ƙarshen maganar kaɗai na riƙe, ya kuwa ishe ni.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, bayan farin nan da ya ƙarar da dabbobi. A shekarun fari ba wanda ya yi wa gininsa yaɓe. Ruwan da za a kwaɓa ƙasa da shi, shi ake sha, ciyawar da ake zubawa cikin kwaɓi kuma ta zama abincin 'yan awakin da suka rage. Da ruwa ya dawo sai ya tarar da soraye tsirara, ya ci su son ransa. Soron Iya ya tsallake daminar farko amma da tabo. Saman ya zaizaye, gara ta shiga wasu azaru, kuma ɗaya daga cikin bakunan ya tsage, tsagar da yatsa ke shiga.

Da bazara Kawu ya shigo gaida Iya ya ga tsagar. Ya juya ya fita. Ran kasuwa kamyonsa, babbar motarsa ta kaya, ya sauke kwanon rufi sabo fil, aka jingine shi a bangon tsakar gida yana ƙyalli yana kashe ido.

"Iya, ɗakin nan zai kashe mini ke," ya ce. "Zan rushe shi in yi miki na siminti da kwano, irin na sufurefe, wakilin gwamnati a garin nan."

"Sufurefe shi ya san laifin da ya yi aka sa shi cikin tanda. Ni a nan na haife ka, can wajen randa, kana ihu kamar an taka ɗan akuya."

"Na ji. Amma in ruwan farko ya sauka ba a gyara bakan nan ba, ko kina kuka sai na ɗauke ki. Gara ki yi fushi da ni kina da rai."

Ba mugunta ba ce. A bayan unguwarmu wani soro ya rufta da daminar da ta wuce, Allah ya sa ba kowa a ciki, kuma Iya ta san da haka. Da ya fita ta ajiye mazari. Can ta ce mini, ba wasa a muryarta, "Je ka kira mini Sarkin magina."

Sarkin magina gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar faifai, goro ba ya barin bakinsa. Ya zagaya soron, ya ƙwanƙwasa bango ya kara kunne, ya zura tsinke cikin tsagar ya shinshina. Ya ce aikin mai yiwuwa ne. Sannan ya ce ba zai yi ba.

"Iya, wannan ginin marigayi maigidana ne, wanda ya koya mini riƙon tubali. A sana'armu ba a hawa ginin babban magini sai jininsa ya ɗora curin farko. Ko ni da na tashi a gabansa ban isa ba. Ba yaron da zai bi ni sama in ba a yi haka ba."

Curi shi ne dunƙulen kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ake jefa wa magini yana sama ya cafe. Kawu, wanda ya dawo yana sauraro, ya ce to a kira ɗan mamacin mana.

"Bai bar namiji ba, Alhaji. 'Ya ɗaya ya bari, aka kai ta aure wani ƙauye wajen Yekuwa, cikin masu shanu. Rabona da ita tun ran da aka fita da ita. Doguwa, wankan tarwaɗa, in ta yi dariya kumatu su lotsa."

Kawu ya yi dariya, ya ce wa zai bar aikinsa ya shiga ƙauyuka neman mace don dunƙulen taɓo ɗaya. Na ce ni. Muna cikin ɗan hutun bazara na lakwal, wato makaranta, ba abin da ya riƙe ni. Ban tsaya lissafin shekaru ba. 'Yar babban magini, doguwa, a wani ƙauye mai nisa, kuma ceton gida a hannunta yake: na karanta irin wannan, na san yadda yake ƙarewa. Na wanke farar rigata, na shafa turaren Kawu. Iya na kallona.

"Ƙara turaren, angona, hanya da nisa," ta ce, ta rufe baki da mayafi.

Na hau motar kasuwa har inda hanya ta ƙare mata, daga nan na bi amalanken wani mai gero. An share gonaki an ƙone kara, ƙasa na kwance tana jira. Itatuwan ɗorawa sun yi nauyi da 'ya'ya. A kowace rijiya sai in sauka in tambayi mata ko sun san 'yar magini, su dube ni, su dubi rigata, su nuna gaba. A hanya na shirya kalmomin da zan fara faɗa mata, na gyara su, na sake gyarawa.

Na same ta a wani ɗan ƙauye mai bukkoki, tana ba wata karsana dusa. Doguwa dai kam. Haƙora jajur da goro, furfura na leƙowa ta ƙasan ɗankwali, da jika goye a bayanta.

"Sannu, Goggo. 'Yar magini nake nema."

"Ka same ta. Kai kuma wace amarya ka zo ɗauka da wannan ƙamshi? Har karsanata ta bar cin abinci."

Ta yi dariya, kumatun suka lotsa, kamar yadda aka faɗa. Duk kalmomin da na shirya suka watse, ni ma na kama dariya. Da na sha ruwa na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai ta zauna a kan turmi.

"Soron mai tasa a tsakiya?"

"Shi, Goggo."

"Ni na ɗauko tasar nan daga kasuwa. Baba ya ce in na yar da ita sai ya liƙa ni a madadinta." Ta goge ido da gefen zane. "Matar gidan na nan da rai?"

Mijinta dattijo ne mai sanyin magana, wanda fari ya bar masa sa ɗaya da karsanar nan daga garke guda. Ya ce shuka ta kusa, hannunta na da amfani a gona. Ta ce sama ba ta ko yi baƙi ba tukuna, kuma ginin ubanta ne. Sai ya ce ta tafi da san da amalanke, kada ta shiga garin iyayenta a ƙasa.

"Kun tanadi makuba?" ta tambaye ni. Na ce ban san ta ba. Ta ce lallai lakwal na aiki. Makuba kwasfar ɗorawa ce, ana jiƙa ta ruwan ya yi ja, a kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi, ruwan sama ya riƙa zamewa ba ya shiga. Ta bi gidajen ƙauyen ta tattaro duk kwasfar da mata suka tara. Haka muka shiga Magariya, tana zaune a kan tulin buhuna kamar sarauniya, ni ina gaba ina faɗa da sa.

Ita da Iya suka rungume juna, suka yi kuka, suka lissafa waɗanda suka rasu, sannan suka koma dariya. Da Sarkin magina ya zo, Goggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai da Baba ke aika sayen taba, yau kai ne sarki?"

"Ke da ke satar mana ƙuli-ƙuli a aljihun riga, yau sai an aiko miki da manzo?"

Da suka gama, ya durƙusa kusa da ita ya yi tambayar da ke cinsa. Lokacin da aka haƙi ƙasar soron nan an tura shi wani aiki a Dungas, bai san ramin ba. Ya ce sabuwar ƙasa ba ta kama tsohuwa sai in daga rami ɗaya suka fito, in ba haka ba da rani sai su rabu. Goggo ta ce kududdufin bayan mahauta ne, ta gefen tsamiya, don nan take kai musu fura. Can aka je aka haƙo, jar ƙasa mai danƙo. Aka zuba mata ciyawa da kashin jaki, aka kwaɓa, aka rufe ta ta kwana biyu ta ruɓa, aka sake kwaɓawa. Na tuɓe takalmi na shiga cikin masu cuɗa. Sanyin taɓon ya ratso tsakanin yatsuna ya hau har gwiwa, wari kuwa ba a magana. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Ran da za a fara, an tokare bakan daga ciki da gumagumai, an fitar da kayan Iya tsakar gida, an jingina tsani. Maƙwabta sun cika gidan. Sarkin magina ya ɗauko curi ya miƙa wa Goggo.

"Ki taɓa da bismilla, sai a jefa mini sama in ɗora."

"A ƙasa? Baba cewa ya yi a taɓa, ko cewa ya yi a ɗora?"

"Mace ba ta hawa soro, ke ma kin sani."

"Me ya hana?"

"Ba a yi ne kawai. Ana hango gidajen mutane."

"Ku da sai an yi shela mata su shige ɗaki kafin ku hau, ku ne za ku faɗa mini haka? Ni wa zai ɓuyar mini? Duk matan unguwar nan ba abin da suke da shi da ba ni da shi."

Mata suka fashe da shewa. Wani tsohon magini ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Wani ya ce ai bai taɓa ganin babban magini ya mutu ba ɗa namiji ba ma. Gardama ta kaure, Kawu na gefe yana duban gabas, inda wani ɗan gajimare ya fara tsayawa tun jiya. Iya na zaune a kan akwatinta, ta ƙanƙame mazari.

Goggo ba ta jira ƙarshen gardamar ba. Ta ɗaure zane tamau, ta ci ɗamara da ɗankwali, ta kama tsani. Sarkin magina ya tofar da goro ya zo ya riƙe mata tsanin da kansa. Da ta kai sama ta miƙe tsaye, iska na kaɗa mata riga, ta dubi garin da ta bari tun tana budurwa. Wallahi a lokacin ta fi duk wadda na taɓa karantawa kyau.

"Kai mai ƙamshi, jefo!"

Na ɗauki curi na jefa da duk ƙarfina. Ya tafi ta gefe, ya faɗa kan kwanon Kawu, ƙau! Kaji suka watse. Sarkin magina ya ce wanda ya faɗi ba ya cikin lissafi, ya nuna mini yadda ake yi, daga ƙasa ake lilo da hannu, a sake shi a hankali kamar ana miƙa jariri. Na biyun ya tashi sak, ta cafe. Ta yi bismilla, ta yi wa mahaifinta addu'a da ƙarfi kowa ya ce amin, ta maka curin a bakin tsagar ta shafe da tafin hannu. Guɗa ta tashi har gidan bayanmu, inda matan suka ƙi shiga ɗaki suka tsaya kallo.

Daga nan magina suka hau. Suka buɗe rufin daidai kan bakan, suka zare azarun da gara ta ci. Sai aka ga ɓarnar ta fi yadda aka zata, kuma azarar kirki, ta namijin giginya wadda gara ba ta so, babu ita a kasuwar garin. Aiki ya tsaya, soro a buɗe, gajimare na ƙaruwa kullum. Kawu ya zo ya leƙa inda aka buɗe rufin, ya ga sararin sama ta cikin ɗakin uwarsa. Ya yi tsaki, ya ce tun farko ya faɗa. Washegari da safe kamyonsa ya fita ba kaya, ya dawo da yamma da azara.

"Ba don ɗakin na yi ba," ya ce wa Iya. "Don kada a ce Alhaji ya bar uwarsa a rami."

"Allah ya yi maka albarka, ko don me ka yi."

Hutu ya ƙare na koma lakwal, amma da an tashi nake rugowa gida. Na ga yadda ake jera azara tana hawa kan 'yar'uwarta kaɗan-kaɗan, a ɗaure da igiya, a rufe da ƙasa, har lanƙwasar ta dawo yadda take. Sarkin magina ba ya bayani, sai dai ya ce riƙe nan, in na riƙe ba daidai ba ya buge mini hannu. Bai yarda a cire ko azara ɗaya mai lafiya ba. Ya ce abin da maigidansa ya sa, in bai mutu ba, ba shi da ikon kashe shi. Ran yaɓen ƙarshe aka yi gayya. Mata na jan ruwa, samari na cuɗa da jan ruwan makuba, Iya ta dafa tuwon da ya ishi unguwa. Aka gyara indararo. Goggo ta shafe cikin ɗakin da hannunta, ta sa aka ɗaga ta ta goge tasar da toka har ta yi ƙyalli.

Bai fi 'yan kwanaki ba hadari ya haɗo da la'asar. Iska ta fara, sama ta yi baƙi ƙirin. Kawu ya baro rumfa a guje, ya shigo da ƙwarya a hannu, ya ce Iya ta fita tukuna a ga abin da zai faru. Ta ce ba inda za ta. Sai ya jawo tabarma ya zauna daidai ƙarƙashin bakan da aka gyara, ya ɗora ƙwaryar a cinya.

"In zai faɗo, ya fara da ni."

Muka zauna, ni da Iya da Goggo da shi. Ruwa ya tsuge. A waje kwanon da ke jingine yana ƙara kamar makaɗa sun yi faɗa, indararo na kwarara, amma a cikin soron sai wani gunji can ƙasa-ƙasa, da ƙamshin sabuwar ƙasa. Kawu ya ƙura wa rufi ido. Ya tashi ya zagaya da ƙwaryarsa, ya shafa nan, ya shafa can, ya dawo ya zauna. Ruwan ya daɗe. Ko ɗigo.

"Alhaji," in ji Iya, "ƙwaryar nan tun da ba ta samu ruwa ba, a dama maka fura a ciki?"

Ya yi dariya har ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Goggo kuwa tuni ta fara ɗaure kayanta. Ta ce ruwan shuka ne, in ba ta kama hanya da sassafe ba tsohon nan zai shuka gero a karkace. Kwanon ya tafi rufin sabuwar rumfar Kawu a kasuwa, Iya ta ci gaba da kwana a ɗakinta.

Ni kuma duk bakans, wato dogon hutun makaranta, na koma bin Sarkin magina. Daga baya na yi karatun gini, na shiga aikin gyaran tsofaffin gine-gine, a cikinsa na tsufa. Har yanzu in aka kai ni wani tsohon soro, kafin in auna komai sai na tambayi wa ya gina, wa ya bari, kuma a ina aka haƙi ƙasar.

Goggo ta dawo Magariya bayan rasuwar mijinta, shekaru da dama bayan haka, ta zauna wajen wani ɗanta mai sayar da dabbobi. Ashe mahaifinta ya bar gine-gine da yawa a ƙasar, zauruka da soraye da wani tsohon masallaci, kuma duk sun kai lokacin gyara. Tun da labari ya bazu, ba maginin da ke taɓa ɗaya sai an aiko mata da amalanke. Ta je Dungas, ta je ƙauyukan da ba ta taɓa jin sunansu ba, ba wanda ya sake cewa mace ba ta hawa. Da gwiwa ta ƙi, sai ta riƙa tafiya da wata jikarta, ta tsaya a gindin tsani tana ba da umarni, yarinyar ta hau ta ɗora. Ganina na ƙarshe da ita a wajen wani aiki ne da aka ba ni kusa da Yekuwa. Ta tsufa tukuf, tana zaune a inuwa kan kujerar da aka kawo mata, tana faɗa wa magina cewa kwaɓinsu ya yi ruwa, su kuma suna ƙara ƙasa.